Filin Tambaya Da Amsa: An Sace Min Kod, Yaya Zan Yi?

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk kuka ɗaya ne, satar kod da satar manhaja, shi ya sa na ware waɗanda nake ganin sun shafi kowa. Ga wanda bai san harkar ba, kod shi ne rubutun da mai haɗa manhaja yake zama ya rubuta layi-layi, daga shi ake gina abin da kake saukewa a waya ko kwamfuta. Na cire sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne, na haɗa wata manhaja ta Android ta koyon lissafi, na sha wahala a kanta ba barcin kirki, na ɗora ta a Play Store akwai ɓangaren kyauta akwai na biya. Kwatsam sai abokina ya turo min ita wai ya samo a wani guruf an buɗe komai an cire talla, har sunana sun goge. Wallahi raina ya ɓaci. Don Allah akwai hanyar da zan kulle kod ɗin yadda ba mahaluƙin da zai iya buɗe shi?

AMSA: Wa'alaikas salam ƙanena, sannu, na san yadda abin nan yake ci wa mutum rai. Amma ba zan ɓoye maka ba, irin kullewar da kake nema babu ita, kuma duk wanda ya ce zai sayar maka da ita kuɗinka kawai yake so. Dalili shi ne manhajar nan a wayar mutum take aiki, dole wayar ta iya karanta ta kafin ta yi aiki, to abin da waya za ta iya karantawa mai wayar ma in ya zauna da haƙuri zai karanta. Fayil ɗin APK da kake gani, wato fayil ɗin da manhajar Android take zuwa a ciki, ba wani abu ba ne illa ƙunshi, akwai kayan aiki na kyauta irin su JADX da apktool da suke warware shi su dawo da kod ɗin kusan yadda ka rubuta, har Ghidra da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta saki kyauta a 2019 tana nan ga mai son tona manhajar da aka rubuta da yaren kod na C. Wanda ya yi maka wannan aikin layin da ke tambaya "ya biya ko bai biya ba" kawai ya nema ya maida amsar kullum eh, ya sake ƙunshewa, shi ke nan.

Kuma kukan ba yau aka fara ba. Tun 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafin cewa cikin masu kwamfutar Altair waɗanda suka biya kuɗin manhajar BASIC da kamfaninsa ya rubuta ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Kamfanonin gem na yau suna kashe maƙudan kuɗi a kan kariya irin ta Denuvo, kuma su kansu sun san lokaci kawai suke saye, watannin farko da ake ciniki su wuce kafin a fasa.

To kada ka ce na kashe maka gwiwa, akwai abin yi sosai. Fara da kunna R8 lokacin gina manhajar, yana cikin kayan aikin Android ɗin da kake amfani da su, zai canza sunayen da ka raɗa wa sassan kod ɗin su koma a, b, c marasa ma'ana kuma ya zubar da abin da ba a amfani da shi. Ba zai hana gwani ba amma zai kori masu gaggawa, kuma su ne suka fi yawa.

Babban maganin dai, wanda nake so ka riƙe ko da ka manta sauran, shi ne abin da ya fi daraja kar ya sauka a wayar mutum tun farko. Darussan nan na biya idan suna cikin APK ɗin a kwance kawai ka sa musu alamar kwaɗo, to ka riga ka ba da su. Ka maida su saba, wato kwamfutar da ke intanet wadda manhajar take magana da ita, mutum ya shiga da akawun ɗinsa, sabar ce za ta tambayi Google ko wannan mutumin ya biya da gaske, sannan ta turo masa darasin. Wanda ya fasa manhajar sai ya tarar da kwanso ba komai a ciki. Ka haɗa da Play Integrity, wanda zai shaida wa sabar taka ko manhajar da ke magana da ita ta asali ce ko an taɓa ta. Sannan kar ka kuskura ka rubuta makullin sirri na saba ko na biyan kuɗi a cikin kod ɗin manhajar, shi ne abu na farko da suke lalube.

Wanda ke yawo yanzu kuma, ka kai ƙorafin haƙƙin mallaka wurin duk dandalin da aka ɗora shi, manyan dandamali suna da fom na wannan saboda dokar DMCA ta Amurka ta 1998, kuma Google ma yana cire irin waɗannan shafukan daga sakamakon bincike in ka nema. Za su sauke wani ya sake ɗorawa, ka sake kaiwa, amma kar ka bari wannan ya cinye maka lokacin gyara manhajar. Kai ne kake da abdet, su kullum tsohuwa suke rabawa.

Abu ɗaya nake roƙonka, kar haushin ɓarawo ya sa ka azabtar da wanda ya biya. A 2005 Sony BMG ya saka wata ɓoyayyiyar manhaja a fayafayan CD na waƙa don hana kwafi, tana shigewa cikin Windows ba tare da sanin mai kwamfuta ba, ƙarshe masu haɗa bairos suka riƙa fakewa a bayanta, aka maka kamfanin a kotu dole ya janye fayafayan. Waɗanda suka sayi na halak su ne suka cutu. In manhajarka ta koma sai da intanet kowane minti ko tana korar mutum don ya canza waya, mutanen kirkin ne za su gudu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ba masanin kwamfuta ba ne, ɗan kasuwa ne kuma shekaru sun ja. Na biya wani yaro ya haɗa min manhajar lissafin kaya da bashi, na biya shi cif ban rage ko sisi ba. Daga baya muka samu saɓani ya tafi, yanzu na ji ya sayar wa wani mai irin sana'ata ita, da na nemi ya ba ni kod ɗin in kai wa wani ya ci gaba ya ce ai nasa ne. Ba mu rubuta komai ba, amana ce kawai. Shin ba sata ba ce wannan?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ranka ya daɗe. Na fahimci zafin da kake ji, sai dai amsar tana da ɗaci. A dokokin ƙasashe da yawa, wanda ya rubuta kod shi ne mai haƙƙin mallakarsa tun daga lokacin da ya rubuta, ba sai ya yi rajista ba, wannan ƙa'ida ce ta yarjejeniyar Berne wadda ta faro tun 1886, kuma yarjejeniyar TRIPS ta 1994 ta fito ƙarara ta ce manhajar kwamfuta ana kare ta kamar yadda ake kare rubutun littafi. Idan mutum ma'aikacinka ne mai albashi kuma a bakin aikinsa ya rubuta, galibi haƙƙin na mai kamfani ne. Amma idan ɗan kwangila ne da ka kira ya yi aiki ya tafi, a wurare da yawa haƙƙin yana nan hannunsa har sai ya sa hannu a takarda cewa ya miƙa maka, kai abin da ka saya izinin amfani ne. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa a nan, don haka ka kwashi duk abin da kake da shi, rasit na biya, saƙonnin waya, muryoyin da kuka tura wa juna, ka kai wa lauyan da ya san harkar mallakar fasaha. In akwai inda yaron ya rubuta cewa aikin naka ne kai kaɗai, wannan zai yi amfani ƙwarai.

Akwai kuma abin da ya fi kod ɗin muhimmanci a wurina, bayanan kasuwancinka. Sunayen kwastomominka, wa kake bi bashi, a nawa kake saro kaya, waɗannan naka ne ba tantama, in ya haɗa da su ya ba wancan to magana ta canza gaba ɗaya. Yau ɗin nan ka sa a duba a ina bayanan suke zaune, da sunan wa aka buɗe sabar, a canza duk fasiwod ɗin da ya sani.

Ina ganin sulhu zai fi maka sauƙi da arha fiye da kotu. A zauna, ko da ƙarin wani abu ne a ba shi, ya miƙa kod ɗin a rubuce. Kuma gaskiya sai an yi wa masu haɗa manhaja adalci su ma, kowane difelofa yana da tarin kod da ya daɗe yana tarawa yana amfani da shi a aiki daban-daban, ba zai yiwu don ya yi maka aiki ɗaya ka ce ya daina taɓa kayan aikinsa ba. Shi ya sa takarda take da daɗi. A gaba kafin a rubuta layi ɗaya a rubuta cewa kod ɗin da aka yi musamman dominka naka ne da zarar ka gama biya, abin da ya zo da shi na da nasa ne amma kana da izinin amfani har abada, ba zai fitar da sirrin kasuwancinka ba, kuma ma'ajiyar kod ɗin da saba da adireshin shafi duk da sunanka za a buɗe, shi ka gayyace shi ciki, kar ya zama shi ne zai gayyace ka.

Kar ka ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ke samu. Injiniya Anthony Levandowski ya sauke fayil wajen 14,000 na aikin mota mai tuƙa kanta kafin ya bar Google a farkon 2016, ya kafa nasa kamfanin Uber ya saye. Ƙarshe a 2018 Uber ya ba Waymo, kamfanin mota mai tuƙa kanta da ya fito daga Google, hannun jari na kusan dala miliyan 245 don a kashe maganar, shi kuma a 2020 aka yanke masa wata 18, daga baya aka yi masa afuwa. Da ɗan gari akan ci gari, Alhaji.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ce nake jagorantar wani ƙaramin tim, mu biyar, kowa daga gida yake aiki, kod ɗinmu yana GitHub, dandalin ajiye kod a intanet, a rufe. Kullum ina jin an sace kod ɗin manyan kamfanoni, sai in ce to su da suke da kuɗi da ƙwararru an yi musu ina ga mu? Wai ta ina ake shiga ne?

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min, don amsarta tana kwantar da hankali ta wani ɓangaren. In kika bi labaran nan ɗaya bayan ɗaya za ki ga yawanci ba wani tsafi aka yi ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɗauki na kamfanin gem na EA a 2021. Masu kutsen da kansu suka faɗa wa 'yan jarida cewa da dala 10 suka sayi kukis ɗin burauzar wani ma'aikaci da aka sato, wato ɗan bayanin da ke nuna wa shafi mutum ya riga ya shiga akawun ɗinsa, da shi suka shiga Slack ɗin kamfanin, manhajar da ma'aikata ke hira a kanta, kamar su ne shi, sannan suka yi wa masu kula da kwamfutoci magana wai wayarsu ta ɓata a wurin biki a taimaka musu da lambar shiga, aka ba su. Suka kwashi wajen gigabait 780 har da kod ɗin FIFA 21 da injin Frostbite da suke gina gem da shi. Na Uber a 2016 kuma, ma'ajiyarsu ta GitHub a rufe take kamar taku, amma aka shiga da fasiwod ɗin injiniyoyi da suka riga suka fita a wasu wuraren, a cikin kod ɗin aka tsinci makullin sabar Amazon, da shi aka ɗebi bayanan mutum miliyan 57. Uber suka biya ɓarayin dala 100,000 suka yi shiru, da asiri ya tonu sai da suka biya dala miliyan 148 a 2018. Toyota ma a 2022 suka gano wani ɗan kwangila ya ɗora wani ɓangare na kod ɗin manhajarsu ta T-Connect a GitHub a buɗe, da makulli a ciki, tun ƙarshen 2017 yana nan kusan shekara biyar ba wanda ya lura, bayanan kwastoma wajen 296,000 suna cikin haɗari.

Kin lura da abin da ke maimaita kansa? Sau da yawa kod ɗin kansa ba shi ne babbar asarar ba, abin da aka bari a cikinsa ne. Kamar ki rufe ƙofa ne ki bar makullin a jiki. Kod ɗin Windows XP ya fita duniya a 2020, na Twitch, dandalin watsa bidiyo kai tsaye, ya fita a 2021, ba wanda ya iya ɗauka ya buɗe wani Twitch ɗin da shi, domin kamfani ya wuce kod, akwai mutane da saba da kwastomomi da suna. Amma makulli guda ɗaya in ya fita ranar za ki ji a jikinki.

Don haka daga nan za ku fara. Kowa a tim ɗin ya kunna tabbaci mai mataki biyu, GitHub ma tun 2023 ya fara tilasta wa masu ɗora kod, kuma a yi da manhajar lambobi ko makullin da ake sokawa a kwamfuta, na tes ɗin waya ya fi rauni saboda ana iya sace layi. A kunna shi a imel ɗin kowa ma, don ta imel ake canza duk sauran fasiwod. Sannan ki sa a bi ma'ajiyar da abin bincike irin gitleaks ko TruffleHog a ga ko akwai makulli ko fasiwod a ciki, kuma ki sani Git, tsarin da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa kod, ba ya mantuwa, in wani ya ɗora makulli bara ya goge washegari yana nan a tarihi, duk mai kwafin ma'ajiyar zai iya komawa ya gani. Gogewa ba ta wadatar ba, a kashe makullin a fitar da sabo.

Ma'ajiyar ta zama ta kamfani ba ta akawun ɗin mutum ɗaya ba, kuma ba kowa ne yake buƙatar ganin komai ba, mai aikin fuskar manhaja ba ruwansa da makullin rumbun bayanai. Ranar da wani ya bar aiki, ko da cikin mutunci da addu'a aka rabu, a ranar za a cire shi a kashe tokin ɗinsa, wato makullin da yake shiga da shi. Wannan ba rashin yarda ba ne, kare shi ma aka yi, don gobe in aka yi wa tsohuwar laftof ɗinsa kutse ba za a ce shi ne ba.

Batun aiki daga gida kuwa ki ɗauke shi da gaske. LastPass, kamfanin da aikinsa shi ne adana wa mutane fasiwod, a 2022 aka fara sace masa kod da bayanan aiki ta kwamfutar wani difelofa, daga nan aka bi wani babban injiniya har kwamfutarsa ta gida ta wata manhajar kallo da bai yi wa abdet ba, aka dasa masa abin naɗar duk abin da ya danna, ta haka aka kai ga kwafin ma'ajiyar kwastomomi. Laftof ɗin aiki a kulle faifanta da BitLocker ko FileVault, kar yara su yi gem a kai, kar a sa mata manhajar da aka fasa. Wani ƙaramin abu da nake yawan gani, mutane su ɗora shafinsu a saba tare da foldar .git a buɗe, duk wanda ya san adireshin zai iya sauke kod ɗin gaba ɗaya. Ki gwada naku yau. Kuma ku ajiye bakof a wani wuri daban, don wani ɓarawon in ya kwasa sai ya goge ko ya kulle ya ce a biya.

TAMBAYA: Malam ni ma'aikaci ne a wani kamfani, in kod ya ba ni wahala nakan kwafe shi in liƙa wa irin su ChatGPT su gyara min. Abokin aikina ya ce in daina wai fitar da sirri ne. Da gaske ne?

AMSA: Abokinka ya yi maka gata ɗan'uwa. Duk abin da ka liƙa ya bar kwamfutarka ya tafi sabar wani kamfani, abin da za a yi da shi kuma ya danganta da irin akawun ɗin da saitin da ke kai, na kamfanoni sharuɗɗansu daban da na kyauta. A 2023 injiniyoyin Samsung sun yi irin haka da kod ɗin cikin gida, kamfanin ya hana ma'aikata amfani da irin waɗannan a na'urorin aiki. Ni ban ce ka daina amfani da su ba, suna taimako, amma kod ɗin ba naka ba ne amana ce a hannunka. Tambayi shugabanka wanne aka amince da shi. In babu, ka rubuta ɗan misali mai kama da matsalar ba tare da sunaye ko makulli ko bayanan kwastoma ba, ka tambaya da shi.

TAMBAYA: Salam. Na ga wata manhaja sak irin tawa, tsarin shafuka da komai, ina da yaƙinin kod ɗina ne aka ɗauka. In na je kotu ta yaya zan nuna nawa ne?

AMSA: Wa'alaikas salam. Da farko ka raba abu biyu malam, kama da kwafi. Haƙƙin mallaka yana kare rubutun da ka yi ne, ba ya kare dabarar. In wani ya ga manhajarka ta burge shi ya zauna ya rubuta tasa daga tushe tana yin aiki iri ɗaya, zai yi zafi amma galibi doka ba ta hana ba. Ko inda aka kwafa ma ba kullum ake cin nasara ba, Oracle ya kai Google ƙara a 2010 kan layin Java wajen 11,500 da aka saka a Android, aka shafe sama da shekara goma ana shari'a, a Afrilun 2021 kotun ƙolin Amurka ta ce amfanin da Google ya yi bai saɓa doka ba.

Amma in kwafi ne na gaske, ɓarawo yakan kwashe har da tabon. A shari'ar Apple da kamfanin Franklin da aka yanke a 1983, cikin kod ɗin kwamfutar Franklin aka samu sunan wani ma'aikacin Apple da kalmar Applesoft a kwance, ba su goge su ba, kuma wannan shari'ar tana cikin waɗanda suka tabbatar da cewa manhaja tana da haƙƙin mallaka ko da a cikin na'ura aka dasa ta. To kai ma a sa masani ya warware waccan manhajar ya nemi irin wannan, kuskuren rubutun da kai ka yi a saƙon gargaɗi, sunan fayil ɗin da kai kaɗai za ka raɗa, wani kwaro da ka san yana cikin taka in an danna kaza da kaza. Mutum biyu za su iya dacewa a kan daidai, da wuya su dace a kan kuskure iri ɗaya. Wasu ma da gangan suke dasa 'yan layukan da ba sa aikin komai don irin wannan ranar, kuma ina ba ka shawarar ka fara.

Ta ɓangarenka kuma tarihin Git ɗinka shi ne shaidarka, musamman wanda ka riƙa turawa GitHub ko GitLab tun farko, yana nuna yadda aikin ya taso kaɗan-kaɗan da gyare-gyare, shi kuma nasa ya faɗo rana ɗaya cikakke. In ƙasarku tana da ofishin rajistar haƙƙin mallaka ka yi, yana ƙara nauyi, a Amurka ma ɗan ƙasar sai ya yi rajista kafin ya shigar da ƙara, kuma ba duka kod ɗin ake miƙawa ba, shafi 25 na farko da 25 na ƙarshe ne, ana iya rufe wuraren sirri. Kafin duk wannan ka ɗauki hoton komai ka sauke manhajar tasu ka ajiye, kar ka fara zaginsu a soshiyal midiya su farga su gyara.

TAMBAYA: Malam ni tawa ta bambanta. Na samu wani kod a GitHub a buɗe, daidai abin da nake nema, ina so in canza suna da kala in sayar. Tunda mai shi ya bar shi a fili ai ba laifi ko?

AMSA: A'a ƙanena, tsaya tukuna. Barin abu a fili ba ya nufin ba mai shi. Buɗe ma'ajiyar ka nemi fayil ɗin lasisi. In babu lasisi kwata-kwata to mai shi bai ba ka izinin komai ba sai kallo, ka tura masa saƙo ka tambaya, da yawa za su amince. In MIT ne ko Apache ko BSD, kana iya sayarwa har ka rufe naka, sharaɗin dai ka bar sunan mai shi da rubutun lasisin a ciki, abin da bai fi minti biyu ba amma mutane suke gogewa, ban san me zai rage su da shi ba. In GPL ne, lasisin da Richard Stallman ya fitar a 1989, sayarwa ba laifi amma duk wanda ka ba manhajar yana da haƙƙin ya karɓi kod ɗin har da gyaran da ka yi, a ƙarƙashin lasisin nan dai. Kuma ana bibiya fa, a 2003 aka gano rauta ɗin Linksys WRT54G da Linux aka gina ta, aka matsa wa kamfanin sai da ya saki kod ɗin, daga nan OpenWrt, manhajar rauta ta kyauta, ta samo asali.

Ka koma ka karanta tambayar farko ta yaron nan da aka goge wa suna, abin da kake shirin yi wa wani ke nan in ka canza kala ka cire sunansa. Ka bi lasisin, ka ƙara naka aikin a kai na gaske, ka ajiye wani fayil da ka jera duk kod ɗin mutane da ka ɗauko da lasisin kowanne, ranar da wani babban kwastoma ko mai zuba jari zai sayi aikinka wannan jerin yana cikin abubuwan farko da lauyoyinsa za su ce ka kawo.